Wata Nawa, Likita?

A kasuwar kifi ta Busan, layi na uku daga bakin teku,
uwata Ok Sun-rye ta shekara talatin da ɗaya tana feɗe kifi.
Wuƙa ta san hannunta.
In ta yanke a yatsa, tsotsewa take yi,
ta goge a gefen riga, ta jawo kifi na gaba.

Ranar da ƙirjinta ya ɗaure, cewa ta yi gajiya ce.
Suga ya daɗe yana sace mata jin zafi,
har zuciya ta yi kuka ba ta ji sosai ba.
Suka zura siririyar waya ta wuyan hannunta,
suka kafa mata 'yar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya,
guntuwa, ba ta kai ƙayar kifi tsawo ba.

Likita Pyo ta ajiye ƙwayoyi biyu a tebur,
fara da mai ruwan hoda.
Ta ce su za su hana jini daskarewa a jikin ragar
kafin nama ya lulluɓe ta, ya mai da ita tasa.
Uwata ta ce, wata nawa?
Ita da kullum ake tambaya nawa,
yau ga ta a wancan gefen teburin.

Likita ta juya biro a hannu, ta daɗe.
Jinin mai suga, in ji ta, ba ya wuyar dunƙulewa.
A janye magani da wuri, ya toshe ƙofa.
A daɗe a kai, ya tsinke,
ya nemi hanyar fita ta hanci, ta dasashi, ta hanji.
Mu sa shekara a rai, mu riƙa dubawa.

A wata na biyu wuƙa ta ɗan taɓa ta,
taɓawar da a da ko kallo ba ta isa ba.
Jini ya ƙi tsayawa, ya ɗiga a kan ƙanƙara,
mai saye ya mayar da kuɗinsa aljihu.
Damtsenta ya cika da tabo baƙi-baƙi,
ta rantse ba ta bugi komai ba.

Bong-ja ta rumfar kusa ta ce mijinta wata uku kawai ya sha.
Mai kawo ƙanƙara ya ce yayansa na shekara ta uku.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi, na ce.
Uwata ba ta tanka ba.

A wata na biyar ina wanke rigar aikinta
na ji abu a aljihu, ƙulle cikin leda.
Ƙwaya huɗu, masu ruwan hoda.
Kwana huɗu ragar tana zaune ba mai gadi.
Ban yi faɗa ba, hannuna ne dai ya ƙi riƙe waya,
sai da na danna lambar asibiti sau uku.
Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce,
na gaji da ganin jinina a kan abincin mutane.

Likita Pyo ma ba ta yi faɗa ba.
Ta auna jini, ta duba ƙoda, ta sake kallon hoton jijiyar.
Ta ce, koma kan su biyun yau,
ki ba ni zuwa wata na bakwai, sai in sauke miki ɗaya.
Ni zan sauke, da hannuna.

Ɗayar fa? in ji uwata. Ita wata nawa?
Wannan ban sa mata rana ba tukuna.
Uwata ta yi dariya har da tari,
ta ce ba ta taɓa sayen kaya babu farashi ba.

Yanzu da safar hannu ta ƙarfe take feɗa, tana ƙunƙuni.
Jiya ta cire ta, ta yanke.
Ta danne wurin da ɗan yatsa tana ƙirgawa a hankali,
a arba'in da uku ta ɗaga, ya tsaya.
Ta ce wa matar da ke jira, guda nawa kika ce?